Inda Ruwa Ya Tsaya

Magini na cikin shafa filasta motar ma'aikatar tsara gari ta tsaya a ƙofar gida. Ya goge hannu a wando, ya saci kallon Goggo. Tana zaune a kujerar roba tsakanin bulo da tulin yashi, ta kafa sandarta a ƙasa, fuskar nan ba alamar wasa.

Tun bayan ambaliyar bara aka kafa doka. Duk wanda zai gyara gida a unguwar bakin kogi, sai ya ɗaga daɓen ɗakin kwana ya wuce shaidar da ruwa ya bari a bango. In babu hatimin ma'aikata, ba a ɗora rufi. Ga damina saura sati uku.

A ɗakin Goggo ruwa ya kai ƙugu. Matakala shida ke nan, ita kuwa gwiwoyinta ko dokin ƙofa da ƙyar suke tsallakewa. Ta rantse ba za ta ƙare rayuwarta tana rarrafe zuwa gadonta ba, a gidan da ta yi shekara arba'in tana shiga da ƙafarta. Ta sa magini ya rufe shaidar da siminti, ya jiƙa laka ya ja wani layi can ƙasa, daidai ƙwauri. Ya yi 'yan ƙorafe-ƙorafensa, ta ce da shi ya yi aikinsa, bakinsa ba shi aka ɗauko ba.

Injiniyar da ta fito daga mota matashiya ce, da hular kwano a kan ɗankwali. Ta gaida tsohuwar har ƙasa. Goggo ta amsa a daƙile, ta ce ga bango nan, hukuma ta auna abinta ta buga hatimi ta ba mutane wuri.

Ba wanda ya nuna mata ɗakin. Ta sunkuya ta wuce ƙaramar ƙofar, ta tsaya gaban layin laka. Ya yi kyau, kai ka ce kogin ne ya zana shi. Tef ɗin awo na aljihunta, ko taɓa shi ba ta yi ba. Sai ta zaro makulli, ta dafa ƙugunta, ta miƙe hannu zuwa bango ta fara kankara. Ɗanyen siminti ya zube. Baƙin layin bara ya fito raɗau.

Magini ya tuna yana da aiki a bayan gida.

Goggo ta taso tana dogara sanda, ranta ya ɓaci matuƙa. Ta ce gidanta ne, ba na gwamnati ba. Ruwa ya zo sau ɗaya a shekara arba'in, gwiwa kuwa kullum tana nan. Injiniya ta ce za a yi gangara da ƙarfen dafawa maimakon matakala, ta zana ma tun jiya, amma daɓen sai ya tashi. Ko shugabanta ne ya sa baki, hatimi ba zai hau takardar nan ba. Injiniyar ba ta matsa daga gaban bangon ba.

"To faɗa min munafukin da ya kai miki tsegumi," in ji Goggo.

"Ba kowa, Mama. Ni na goyo ki daga ɗakin nan ranar ambaliyar. Na san inda ruwan ya kawo min."