Muryar Tukunya ta Bakwai

Tukwane bakwai Odette ta rataye a zauren gidan tarihin Garwa, kowace da lasifika a cikinta. A ƙasa ta shimfiɗa tabarma, ta ɓoye waya a ƙarƙashi. Mutum na takawa, majigi zai haska hotunan duwatsu a jikin farin ƙyalle, tukwanen su fara magana ɗaya bayan ɗaya: sarewa, daka, iska, kukan jariri.

Malam Hayatu, muƙaddashin darakta, bai ga abin fasaha a ciki ba. Amma yarinyar daga Faris ta dawo, kuma da takardar gwamnati daga Yawunde ta zo. Shi kuwa shekara huɗu ke nan yana jiran a kankare masa "muƙaddashi" daga jikin ƙofa. Takardunsa tsaf suke: haifaffen Garwa, maraya tun yana ƙarami, makaranta ce ta raine shi. Babbar rigarsa ba ta yamutsewa, Fillancinsa ya fi na Fulani gyara. Don haka duk abin da Odette ta rataya, gyaɗa kai yake yi ya ce madalla.

Ranar gwaji aka kunna ta bakwai. Muryar wata tsohuwa ce, a shaƙe, tana zuba kamar ba ta numfashi, cikin yaren mutanen dutse. Hayatu ya nemi benci ya zauna, ya ce a kawo masa ruwa.

Odette ta ba shi labari. A wani ƙauye can kan duwatsu, tana faɗin cewa daga gidan tarihin Garwa take, sai tsohuwar ta kutso cikin mutane, ta fizge makirufo, ba ta sake shi ba sai da kaset ya kusa ƙarewa.

"Ko kalma ɗaya ban gane ba, Yallaɓai Darakta, amma tsigar jikina ta tashi. A kira Antoine maigadi mana, ai mutumin can ne."

"Antoine ya tafi hutu," in ji Hayatu. Da la'asar kuwa Antoine ya tafi, na wata uku, yana ta mamakin wannan alheri. "Na karanci irinsu a littafi. Roƙon ruwa ne."

Da hannunsa ya rubuta allon bayanin.

Washegari ya gano tukunyar ta tsage. Odette ta sayo wata. Ya ce wutar gidan ba za ta ɗauki tukwane bakwai ba, ta aro injin wuta. Ya ce ƙarar za ta dami manyan baƙi, ya rage, yana juya baya ta ƙara.

Aka yi bikin buɗewa cikin tsakiyar bazara, kogin Binuwai ya koma yashi, fanka tana juya zafi kawai. Wakilin minista ya zo da maiɗakinsa Madam Georgette da jerin motoci. Yana taka tabarma sarewa ta tashi, ya yi tsalle baya, sannan ya gyara kwat ya bayyana cewa wannan shi ne haɗin kan ƙasa: tukunyar dutse da wutar birni. Aka tafa.

Sai muryar tsohuwa ta fara. Madam Georgette ta ciro hankici.

"Fassara mana, Malam Hayatu," in ji ta.

Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. "Tana cewa, ya sama, ka dubi gero. Ya sama, ƙoramu sun bushe."

"Wannan Ujen da take ta maimaitawa fa?" in ji wakilin.

"Sunan gajimaren farko ne, ranka ya daɗe."

Jami'ai suka rubuta a littattafansu. Wani sufeton makarantu ya ce shi ma ya taɓa cin karo da kalmar.

Ba a rufe baki ba aradu ta faɗi, aka kece da ruwan farko na shekarar. Mutane suka ruga tagogi suna salati. Wakilin minista ya rungume Hayatu, ya ce kafin Juma'a za a sake fentin ƙofarsa. Kaset ɗin kuma za a kai gidan rediyo, a riƙa sa shi kowace safiya har ƙarshen damina, tare da sanar da jama'a cewa Darakta Hayatu ne ya fassara.

Hayatu ya roƙa. Ya ce abin tsafi ne, ba a yaɗa shi haka.

"Tawali'unka ya yi yawa," in ji wakilin, ya shige mota.

Ranar Asabar Darakta Hayatu ya shiga kasuwa sayen naman walima. Lukmanu mahauci na ganinsa ya murɗe rediyonsa har ƙarshe. "Jama'a, ga mai roƙon ruwan nan da kansa!"

Muryar tsohuwa ta cika layin mahauta. Mutanen dutse da suka sauko da gyaɗa da awaki suka tsaya cak. Wani ya sauke kayansa. Wata mai barkono, Berthe, ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa. Hayatu ya ce a bar naman, zai aiko, amma taro ya riga ya rufe hanya.

"Ke Berthe, mene ne abin dariya a roƙon ruwa?" in ji Lukmanu.

"Wane ruwa, Baba Lukmanu?" Ta share hawaye, ta ɗaga murya yadda har masu kifi za su ji. "Cewa take: Ujen, an ce ka koma Hayatu, ka sa babbar riga, kana gaya wa mutanen Garwa uwarka ta mutu. To ga ni nan, ban mutu ba."