Ina Ruwan Zai Bi?

Bencin 'yan firamare ba don ƙarti aka yi shi ba, amma haka mutanen unguwa suka cusa kansu a ajin, gwiwa na gugar gwiwa. A jikin allo an manna zanen benaye huɗu da ofishin tsara gari ke son ginawa a filin bayan layi. Gidaje tamanin, a inda awaki ke kiwo.

Wadda ta yi zanen tana tsaye da 'yar sanda a hannu, yarinya ce sabuwar ɗauka. Oganta na gefe yana latsa waya. Aikinta na farko ke nan, kuma an gaya mata ƙiri-ƙiri: in mazauna suka ƙi, teburinta na wani ne.

Kafinta, ɗaya daga cikin masu zaune a bencin, ya san da wannan. Ya kuma san abin da ya kawo shi. Rumfarsa ce a bakin filin, shekara da shekaru yana fere katako a wurin ba da izinin kowa ba. In aka kafa harsashi, ita za a fara kwashewa.

Tun da safe mai shago, shugaban kwamitin unguwa, ya tare shi a hanya.

"Kai za ka yi mana magana. Duk unguwar nan kai kaɗai ne ba za ta iya mayar wa da martani ba."

To, yarinya dai ta iya bayani, ba a hana ta. Ta nuna inda za a bar wa yara filin wasa, ta nuna inda motar asibiti za ta iya shiga. Wata mai wankau da ke cunkushe da 'ya'ya shida a ɗaki ɗaya ta ɗaga hannu.

"Da famfo a ciki?"

"Har da famfo, Inna."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Mai shago ya zunguri Kafinta da gwiwar hannu.

Ya miƙe. Bai ce uffan a kan rumfa ba.

"Yarinya, tambaya ɗaya. In damina ta sauka, ruwan gidaje tamanin ina zai bi?"

Sandar ta tsaya cak a kan allo. Ai ta zana magudana. Oga ne ya soke ta, ita kuma tana ta fafutukar a mayar. Sau ɗaya tak ta taɓa faɗin haka, a inda ta ɗauka magana ba ta fita.

Ta dubi oga, oga ya dubi wayarsa. Ta dubi Kafinta. Ta san zancen rumfar sarai, kalma ɗaya ta isa ta zaunar da shi. Sai ta sunkuyar da kai.

"Haka ne, Baba. Babu magudana."

Da ya zauna a nan, da da sauƙi. Amma sowa ta ɗebe shi, baki kuwa ba shi da linzami.

"Wanda ya biya miki kuɗin makaranta dai ya yi asara!"

Ajin ya ɓarke da dariya, har da masu dukan benci. Aka ɗaga hannuwa, ƙi ya rinjayi so. Oga ya fice bai jira ta ba. Ita kaɗai ta tsaya ɓanɓare zanen, gefe ɗaya ya yage a hannunta.

A waje mai shago ya rungume shi, ana ta "sai kai, Kafinta!" Mai wankau ce kawai ta wuce shi da tsaki.

Ya biya ta rumfa ya ɗauki zarto, ya ajiye. Rumfar na nan daram, amma wallahi ya kasa taɓa katako. Kunya ce ta ishe shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Ya yi ta zagaye layi har ƙafa ta gaji, sannan ya nufi gida.

Ya yi sallama, ba a amsa ba. Matarsa na tsakar gida tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Daga ɗakin ƙurya ana jin shessheƙa ƙasa-ƙasa.

Ya yi gyaran murya. "Ko za ki shiga ki ba ta haƙuri?"

Ta kakkaɓe riga, ta ninke, sannan ta dube shi.

"Shiga ka ba ta da bakinka, Malam. Ba ni kaɗai na haife ta ba."