Ranar Cire Munduwa

Ranar sunan Nusaiba aka ɗaura wa Asabe munduwa mai bugawa daidai da zuciyar 'yarta, kamar kowace uwa a Funtuwa. Da ita take gane zazzaɓi tun jikin yarinyar bai yi zafi ba. Amma doka ta ce yaro na cika shekara sha biyar, sai a cire.

Ranar da Nusaiba ta cika sha biyar ɗin, a asibitin unguwa, malamar jinya ta ɓalle munduwar, ta jefa a kwando. Asabe ta leƙa, ta ga mundayen wasu iyayen suna ta bugawa, babu mai ji.

A hanyar gida Asabe tana ta shafa wuyan hannunta.

Nusaiba ta ce, "Umma, lafiya?"

"Yanzu in wani abu ya same ki, ta ina zan sani?"

Yarinyar ta karɓi jakar uwar ta rataya. "Sai ki tambaye ni mana."

Asabe ta daɗe tana laluben yadda ake farawa. Sai a bakin kasuwa ta ce, "To, yaya kike ji?"

"Yunwa, Umma."

Asabe ta yi dariya har da ƙwalla, suka ratse wajen mai awara.