Agogo Mai Ruwan Zinariya

Tunda ka ce agogon ɗaurawa kullum za ka saya, tsaya ka ji abin da ya sami wani manomin rani. Gonarsa tana bakin magudanar da ake sako ruwa daga madatsa, kuma ruwan nan bi da bi ake shansa, kowa da ranarsa da sa'arsa, in ta wuce ka sai wani zagayen. Don haka ya shiga kasuwa neman agogo. Mai tebur ya fara miƙo masa wani baƙi mai madaurin roba, ba shi da kyan gani, amma an san shi da jure gumi da laka. Sai idon manomi ya faɗa kan wani mai ruwan zinariya, yana ta walƙiya. Da mai tebur ya ga inda idon ya sauka, nan take ya juya harshe, ya rantse har da dafa ƙirji cewa wannan ko a rijiya ya kwana ba ya shan ruwa. Manomi ya ɗaura, ya taho gida yana naɗe hannun riga don a gani.

Da ma tsayawa agogon ya yi cak, da da sauƙi, sai mutum ya dubi rana. Ina! Munafuki ne. Gumi ya shige shi, yana tafiya yana ja da baya a ɓoye. Ran da ruwa ya zo kan manomin, tumatirinsa na tsakiyar fure, ya iso da fartanya a kafaɗa, hankali kwance, ya tarar an toshe hanyar ruwansa an juya wa maƙwabcinsa. Ransa ya ɓaci. Ya ɗaga hannu yana nuna agogo, ya kira mai rabon ruwa azzalumi, ya kira maƙwabcin nan, wanda suka yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya, ɓarawo. Yana cikin kumfar baki aka kira azahar, agogonsa kuwa yana cewa rana ba ta ma take tsaka ba. Nan ya gane sa'arsa ta wuce, kunya ta rufe shi. Kafin zagaye ya dawo, zafi ya kakkaɓe furen. Maƙwabcin kuwa, wanda da a da ne da ya tsaga masa daga nasa ruwan, ya kau da kai.

Ran kasuwa ya koma, madaurin ya riga ya koɗe ya bar masa tsanwan tabo a wuyan hannu. Ya dangwarar da agogon a kan tebur. Mai tebur, ko kunya babu, ya jujjuya shi ya ce, "Haba Malam, ai wannan na zaman inuwa ne. Wa ya ce ka kai shi gona?" Manomi ya rasa wanda zai fara tsine wa, mai rantsuwar ƙarya ko idonsa da ya bi ƙyalli. Amfanin ranin ya tafi, maƙwabci ya tafi, duk don a ce hannunsa ya yi kyau. Abin da Hausawa ke faɗi ke nan: garin neman gira, a rasa ido.