Wa'azin da Ya Sumar da Rifkatu

Filibus mai gyaran babur ya mutu bisa gadonsa, abin da a Sabon Birnin yanzu ya isa a yi wa mutum barka. 'Yan bindiga ba su tare shi a hanyar garin Isa ba, ba a shiga daji da shi ba. Hawan jini ne ya fara shanye masa hannun dama, bayan shekara guda ya dawo ya ƙarasa aikinsa.

Ranar jana'iza 'yar majami'ar da ke bayan tasha ta cika, maƙwabta Musulmi suna tsaitsaye a waje. Marigayin dattijon ikilisiya ne, shi ke buga ganga ran Lahadi kafin ciwo, kuma an shaide shi da nauyin hannu. Fasto Yohanna, saurayi sabon zuwa, wannan ce jana'izarsa ta farko, ya kuwa ƙudura ba za a manta da ita ba.

Cikin wa'azinsa ya kawo ƙaho na ƙarshe, ya buɗe kaburbura, ya tayar da matattu da jiki marar ruɓa. Sannan ya nufi matar mamacin, ya zagaya ta damanta, don kunnenta na hagu ya daɗe da yin ritaya.

"Mama Rifkatu, share hawayenki. Za ki sake ganin Baba ido da ido, daga ranar kuma babu sauran rabuwa har abada abadin."

Babu hawayen da za a share, tun jiya idonta a bushe yake. Ta dai dubi Fasto, ta sulale ƙasa sumammiya.

Majami'a ta ɗauki kuka. Matan aure suka riƙa zungurar mazansu, a zo a ga yadda ake ƙauna.

Rifkatu ba baƙuwar makabarta ba ce. 'Ya'ya biyu ta binne a garin nan, kuma duk sau biyun wannan wa'azin ne ya tsayar da ita da ƙafafunta, har ita ke ba da waƙa a bakin kabari. Wannan karon sai ya kwantar da ita. Ta bar cin abinci. Zane ya fara zagaya ta sau biyu.

Zumuntar mata ta majami'a ta ga aiki ya samu. Kowace Alhamis sai su cika mata tsakar gida da waƙoƙin tashin matattu, su tafi su bar ta ta fi yadda suka same ta lalacewa. Habi mai fura, wadda katanga ɗaya ta raba ɗakinta da na Rifkatu shekara da shekaru, ta leƙo wata rana ta ce, "Bayin Allah, ku canza mata waƙa mana." Aka yi mata uzuri. Musulma ce, ina za ta gane?

Ran Lahadi kuwa Rifkatu takan jira a watse, ta tare Fasto a bakin ƙofa da tambaya ɗaya.

"Fasto, kowa da kowa za ya tashi? Ba a mance wani?"

"Ko ɗaya, Mama. Irin su Baba ma su ne a sahun gaba."

Mako na gaba: "Cikin wanga taro duka, za ya gane ni?"

"Nan take!"

Na gaba kuma: "Hannunai da ya shanye hwa?"

"Zai dawo ya fi na saurayi ƙarfi."

Ranar ko gida ba ta kai ba sai da aka riƙe ta. Fasto ya samu abin misali: wa'azi uku ya yi a jere kan bangaskiyar Mama Rifkatu, matar da ke ƙirga kwanakin sake saduwa da mijinta.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka sa ta a mota zuwa wani asibiti a Isa, hanyar da mai lafiya ma sai ya yi addu'a sau biyu kafin ya hau. Likita ya auna jini, ya auna fitsari, ya ce bai ga komai ba sai yunwa. Aka dawo da ita da maganin ƙarin jini da shawarar a yawaita yi mata addu'a. Zumuntar mata ta ƙara ranar Litinin.

Wata safiya Habi ta aika a kira Fasto, ta ce in ana son a sami Rifkatu da rai a zo yau. Ya tarar da ita kwance a tabarma, murya kamar ta sauro. Ya durƙusa ta damanta.

"Tambaya guda ta rage mini, Fasto. Kada ka ɓoye mini. Can ɗin, in mun tashi, ni matatai ce har wa yau?"

Amsar kam Fasto ya san ta sarai, wata biyu yana kewaye ta don kada ya ƙarasa baiwar Allah. Ya yi tunanin ƙarya 'yar ƙarama, irin ta jinƙai. Ya dubi matar da ke bakin kabari, ya ga ba wurin ƙarya ba ne.

"Mama, ki yi haƙuri. Ubangiji Yesu da bakinsa ya faɗa, a tashin matattu babu aure, babu aurarwa. Kowa zai zama kamar mala'ika. Za ki gan shi, amma ba a matsayin miji ba."

"Sake faɗi."

Ya sake, yana shirin tare ta in ta some.

Rifkatu ta dafa bango ta tashi zaune. Ta ce wa Habi ta dama mata fura, da nono mai yawa. Ta shanye kwanon tas, ta goge baki, ta rangaɗa guɗar da sai da kajin gidan suka watse.

"To Allah shi tashe shi lahiya, Fasto, yanzu ni ma ina jiran ranar. Shekara ashirin da shida mutumin nan yana jibgata kamar gangar majami'a, da ƙyar mutuwa ta raba mu, ku kuma kunka zo kuna ce mini har abada."