Dawisun Jikin Ƙofar Mota

Kai Sallau, da gemunka da 'ya'yanka kake tambayata wai mene ne laifi don mai saye ya yaba hula ka yi shiru, alhali matarka ce ta ɗinka? Ko kunya ba ka ji ba da tambayar ta fito daga bakinka? Ni ban yi boko ba, amma na ga jiya na ga yau. Gyara zama ka ji.

An yi wani mai facin taya a bakin tasha, mutum ne mai hannu. In ya tashi daga aiki ba ya zaman majalisa, sai ya shige zaure da almakashi da tarin gwangwanayen madara, yana ƙera ƙananan motoci. Ba na sayarwa ba ne, kuma ba na wasan yara ba, sha'awa ce kawai Allah ya ɗora masa. Tsohon silifa yake yankawa ya fitar da taya, wayar keke ta zama ƙarfen da tayoyin ke juyawa a kai, robar ruwa ta zama gilashi. Ƙofa tana buɗewa, sitiyari yana juyawa, har ɗan tsanin da yaran mota ke hawa ba ya mantawa. Abu ɗaya ne ya gagare shi, zane. Hannun da ya saba da guduma ba ya jin maganar fenti. To matarsa mai lalle ce, ita ke yi wa amaren unguwa. In ya gama mota sai ya miƙa mata cikin gida, ta fige gashin kaza guda, ta zauna ta zuba wa bodin furanni da dawisu, siriri kamar gashin ido. Yana fitowa da mota, abin da mutane ke fara gani ke nan. Ranar farko da aka ce, "Kai, wannan dawisu kamar zai tashi!" ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai daɗin yabo ya riga shi. Daga shiru aka koma gyaɗa kai, daga gyaɗa kai har ya kai ga cewa babu hannun da ke taɓa motarsa sai nasa.

Ana nan sai wani tsohon direba ya ajiye tuƙi, ido ya yi rauni. Direbobin tasha suka roƙi mai faci ya ƙera irin babbar motar da tsohon ya ƙare ƙuruciyarsa a cikinta, a ba shi ranar walimar ban kwana da za su yi masa. Ya ƙera, matar ta zana, ba su taɓa yin wadda ta kai ta kyau ba. Ranar walima ya ɗaure ta a bayan keke da igiya, tsirara, don duk wanda ya wuce ya gani. Kafin ya isa, igiya ta goge fentin ƙofa, ta cinye wutsiyar dawisu. Jama'a suka ce ai abin ya zo da sauƙi, tunda mai abu yana nan. Nan da nan aka karɓo fenti da ɗan buroshi wurin mai rubutun motoci, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakiya, manya da yara suka kewaye shi. Nan ma ƙofar gaskiya a buɗe take, kalma biyu ta ishe shi. Bai shiga ba. Ya tsoma buroshi, ya ɗiga. Fenti ya zauna dunƙule kamar kashin kaza. Ya sa babban yatsa zai share, sai ya kwashe har kan tsuntsun. Ya ƙara, ya ƙara, har ƙofar ta koma kamar bangon da yara suka yi wa wasa da laka. Da dariya aka yi masa da ya fi sauƙi. Babu wanda ya yi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Tsohon direban ne ya dafa kafaɗarsa, ya ce a hankali, "Malam, kai wa mai hannun ta gyara mana. Tun motarka ta farko uwargidana ta gane zanen, irinsa ne a ƙafar 'yarmu ranar bikinta. Mu ƙirarka muke so, ita ma ai ba ƙaramin abu ba ce."

Ashe duk gidan da aka taɓa yin biki an sani. Shekara da shekaru yana cika baki, mutane suna rufa masa asiri don kara. Ya ɗauki mota ya tura kekensa, hanyar gida ta yi masa tsawo kamar ta Makka. Matar ta duba ƙofar motar. Ta goge da kananzir, ta fige gashin kaza. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da ka naɗe ta da zane, da igiya ba ta ci ta ba." Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Ka ji, Sallau. Wata rana wani zai miƙo maka allura da zare a tsakiyar kasuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku kuma yara da kuka baza kunnuwa kamar zomaye, da ku ake? Ku wanke ƙafa, kowa ya nemi tabarmarsa.