Mesa Ba Ta da Gwiwa

Na kai wa Baba fura a fadamarmu ta Guri da azahar, na tarar ya kasa tsayawa wuri guda. Tattasanmu ya yi yaushi, injin ban ruwan kuma na aro ne, mai shi zai zo ɗauka da la'asar. Injin na ta ƙugi, amma ruwa ba ya fita.

A kusurwar gona, inda mesar ta juya, ta lanƙwashe har robar ta yi fari. Na kai hannu zan ja.

"Kul, Uwata! Za ta tsage," in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Mesa ba ta da gwiwa. Kewayawa ake da ita."

Ya duba, babu turke babu dutse. Sai ya zaunar da ni cikin laka, ya zagayo da mesar ta bayana. Nan take na ji ruwa yana bugun gadon bayana.

Zama ya gagare ni. Cinnaku na cizo, ƙawayena na ihu a bakin kogi, warin fetur da roba ya cika min hanci. Da na motsa ruwan zai rage, sai in jiyo Baba daga nesa: "Uwata!"

Da ruwa ya kai kunyar ƙarshe, ya ce in tashi. Ƙafafuna sun sage, na faɗi rigingine. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya goya ni.

Yanzu na fi shekarunsa na lokacin, kuma har yau ina mamakin yadda gajiyayyen mutum ya kai ni gida bai sauke ni ba.